Zuciyar da ta ƙi yin baƙi a hoto: lamarin wani dattijo mai amiloyid

Minti goma sha biyu da yi wa dattijon allurar gadoliniyam, sinadarin da ke haska ciwon tsokar zuciya a hoto, ma'aikaciyar da ke kan na'urar hoton maganaɗisu ta leƙo ɗakin da nake zaune.

"Likita, don Allah zo ka duba. Sau biyar ina canza lokacin, tsokar ta ƙi yin baƙi. Ko na sake masa daga farko?"

Shekara tara tana wannan aiki, hannunta ya faɗa, ba ta cika kira a kan ƙaramin abu ba. A zatonta na'urar ce ke da matsala, ko kuma allurar ta zube a ƙarƙashin fata ba ta shiga jijiya ba. Da na zauna gaban allon sai na ga abin da ya rikita ta: jinin da ke cikin zuciya ya yi duhu, bangon zuciyar kuma ya yi toka-toka ko'ina, babu wurin da za ka nuna ka ce ga lafiyayyen nama. Na ce mata kada ta sake komai, ta adana kowane hoto, har waɗanda take ganin sun lalace. A cikinsu amsar take.

Yadda ya zo hannunmu

Namiji ne mai shekara 74. Kusan shekara 2 ke nan yana haki, da farko in ya hau bene, daga baya ko tafiyar tsakar gida sai ya tsaya ya huta. Ƙafafunsa na kumbura da yamma, yana kwana da matashi uku. Ya daɗe yana shan maganin hawan jini, sama da shekara 20, saboda haka duk likitan da ya gan shi abu ɗaya yake rubutawa: zuciya ta yi kauri saboda hawan jini, yanzu ta fara gazawa.

Akwai abubuwa a tarihinsa da aka rubuta a wurare daban-daban ba a taɓa haɗa su ba. A shekarar da ta wuce jininsa ya riƙa sauka da kansa, har aka janye masa magunguna biyu saboda jiri. 'Yarsa da ke rako shi ta gaya mini da murnarta cewa hawan jinin Baba ya warke. Hawan jini na shekara 20 ba ya warkewa haka kawai a jikin ɗan shekara saba'in da 'yan kai. In ya sauka da kansa, yawanci famfon ne ya rage ƙarfi. Sannan an yi masa aiki a wuyan hannunsa na dama shekara 8 da suka wuce saboda matsewar jijiya, na hagu kuma shekara 2 bayan nan. Yana kuma fama da ciwon ƙugu mai saukar masa da sanyi a ƙafa, wanda aka ce ramin lakarsa ne ya ƙuntata.

Hoton sauti na zuciya ya nuna bangon babban ɗakin hagu ya kai milimita 17, alhali na lafiyayyen mutum bai cika wuce 11 ba. Ɗakunan sama biyu sun buɗe. Kason jinin da zuciyar ke fitarwa a bugu ɗaya kashi 50 ne cikin 100, wanda a takarda ba laifi. Amma da aka auna yadda tsokar ke matsewa a tsaye, gindin zuciyar da tsakiyarta sun kusa daina motsi, tsininta kaɗai ke aiki sosai. Zanen wutar zuciya kuwa layukansa gajeru ne. Wannan ne ya tsayar da likitan da ya turo shi: tsoka in ta yi kauri don aiki, kamar yadda hawan jini ke sa ta, wutarta ƙaruwa take yi, layukan su yi tsawo. Bango mai kauri da wuta kaɗan na nufin abin da ya ƙara masa kauri ba tsoka ba ne.

A jini, sinadarin da ke nuna wahalar zuciya, NT-proBNP, ya kai 3,400. Ma'aunin tacewar ƙoda 52.

Abin da muke zargi

Amiloyid furotin ne na jiki da ya naɗe ba daidai ba, ya haɗu da 'yan'uwansa suka zama zaruruwa masu tauri da jiki ba ya iya narkarwa. Sunan ya samo asali ne daga kuskure: a 1854 Rudolf Virchow na Jamus ya ga abin ya canza launi da aidin, ya ɗauka dangin sitaci ne. Zaruruwan ba sa shiga cikin ƙwayoyin tsoka. A tsakaninsu suke taruwa, su raba su da juna, har bangon ya yi kauri ya sandare, ya kasa saki ya karɓi jini. Wurin taruwar nan, tsakanin ƙwayoyi, shi ne dalilin da ya sa hoton maganaɗisu da gadoliniyam ke kama cutar.

Kusan duk amiloyid na zuciya daga furotin biyu yake fitowa. Ɗaya ƙananan sarƙoƙin garkuwar jiki ne da wasu ƙwayoyin ɓargo ke zubarwa fiye da kima, ana kiransa AL. Ɗayan tiranstayiretin ne, furotin da hanta ke yi, ana kiransa ATTR, kuma yana zuwa ta gado ko kuma da tsufa kawai.

A cikin na'urar

Kafin allura sai an duba ƙoda. Tun 2006 aka gano cewa gadoliniyam na iya haddasa wata cuta mai sandarar da fata da gaɓoɓi ga masu mummunan ciwon ƙoda, musamman in tacewar ta yi ƙasa da 30. Tasa 52 ce, kuma mun yi amfani da irin gadoliniyam ɗin da aka kulle cikin zobe, wanda haɗarinsa ya fi ƙanƙanta. Abin da ya fi damuna shi ne ko zai iya kwanciya rigingine na minti arba'in yana riƙe numfashi.

"Baba, za ka ji ƙara kamar ana buga ƙarfe. In na ce ka riƙe numfashi, ka riƙe daidai ƙarfinka, kada ka tilasta wa kanka."

"To, likita. In na kasa zan matsa wannan ƙwallon ko?"

Bai matsa ba ko sau ɗaya. Mun ɗaga masa kai da matashi biyu, muka gajarta kowane riƙon numfashi.

Hotunan farko, na zuciya tana bugawa, sun tabbatar da na sauti, suka ƙara wasu abubuwa: bangon ɗakin dama ma ya yi kauri, katangar da ke tsakanin ɗakunan sama ta yi kauri, ga ɗan ruwa a jakar zuciya da gefen huhu biyu. Hawan jini ba ya kaurara ɗakin dama da katangar sama haka.

Sai batun gadoliniyam. Shi ba ya iya ratsa lafiyayyar ƙwayar tsoka. Yana fita daga jini ya zauna a sararin da ke tsakanin ƙwayoyi. A lafiyayyar zuciya ƙwayoyin a cunkushe suke, sararin kaɗan ne, saboda haka gadoliniyam kaɗan ke shiga kuma ya wanke da wuri. Inda tsoka ta mutu ta zama tabo, sararin na da yawa, sai ya taru ya daɗe. Shi ya sa ake jira minti 10 zuwa 15 bayan allura kafin a ɗauki hoton. Aikin gadoliniyam a hoto shi ne gajarta wani lokaci da ake kira T1, wato tsawon lokacin da nama ke ɗauka kafin ya koma daidai bayan na'urar ta juya maganaɗisunsa. A kan hanyar komawar akwai wani ɗan taƙi da kowane nama ba ya ba da haske ko kaɗan. Ma'aikaciya na neman taƙin da lafiyayyar tsoka ke yin baƙi ƙirin, ta ɗauki hoton a nan, sai duk inda gadoliniyam ya taru ya fito fari fat a kan baƙin.

Dabarar gaba ɗaya ta dogara ne a kan samun lafiyayyar tsoka da za a gwada da ita. A zuciyar dattijon nan babu. Amiloyid ya buɗa sararin ko'ina, gadoliniyam ya shiga ko'ina. Duk taƙin da ta zaɓa, wani sashe ya yi baƙi wani ya yi toka, kuma da ta yi sake ta baƙanta sashen da ya fi ciwo, hoton zai juye, wurin da ya fi lafiya ya fito fari kamar shi ne mai cutar. An yi shekaru ana tafka wannan kuskure, ana rubuta cewa hoto bai yi kyau ba, a sallami mara lafiya ba amsa. Ina ganin duk wanda ke karanta waɗannan hotuna ya kamata in ya ji an ce tsoka ta ƙi yin baƙi a bango mai kauri, amiloyid ya fara zuwa masa a rai kafin ya zargi na'ura.

Jerin hotunan gwaji da ta ɗauka don neman taƙin ne ya fi ba ni tabbaci. A lafiyayyen mutum jini ya fi tsoka gadoliniyam, don haka jini ke fara yin baƙi, tsoka ta biyo baya. A nasa tsokar ta riga jinin. Ma'ana bangon zuciyarsa ya fi jininsa riƙe gadoliniyam. Abin da ya sa ke nan jinin ya yi duhu a hotunan da suka rikita ta: naman da amiloyid ya cika ya zuƙe gadoliniyam ɗin daga jini da wuri.

Muka koma ga wata hanyar sarrafa hoton mai suna PSIR, wadda ba ta dogara da zaɓen ma'aikaciya ba. A cikinta naman da ya fi gadoliniyam shi ke fin haske koyaushe. Nan hoton ya fito sarai. Farin ya zagaye cikin babban ɗakin hagu kamar zobe, a gindin zuciyar ya ratsa bangon daga ciki har waje, yana raguwa in ana gangarawa tsini. Ya kama bangon ɗakin dama, ya kama ɗakunan sama.

Siffar farin ce ke bambanta cututtuka. Tabon toshewar jijiyar zuciya na farawa daga fatar ciki, amma yana tsayawa a yankin jijiyar da ta toshe, iyakarsa a bayyane. Kumburin tsokar zuciya ya fi kama tsakiyar bango ko fatar waje, tsilli-tsilli. Kaurin zuciya na gado yana ba da ɗigo-ɗigo a wurin da ya fi kauri da kuma inda ɗakin dama ya haɗu da na hagu. Fari mai zagaye ɗaki gaba ɗaya, wanda bai kula da iyakar kowace jijiya ba, ga jini mai duhu, wannan na amiloyid ne. Likitocin Landan ne suka fara bayyana wannan siffa a 2005. A 2015 wani nazarin na Landan a kan mutum 250 ya nuna cewa cutar na tafiya ne daga babu fari, zuwa fari a fatar ciki, zuwa fari da ya ratsa bango duka, kuma wannan matakin na ƙarshe shi ke tafe da haɗarin mutuwa mafi girma. Dattijonmu ya kai nan a gindin zuciyarsa.

Ido na iya ruɗuwa, don haka muka auna. T1 na tsokarsa kafin allura 1,150 ne a ma'aunin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, a na'ura mai ƙarfin tesla 1.5, inda lafiyayyu ke zama wajen 1,000. Sannan muka lissafa girman sararin da ke tsakanin ƙwayoyi. Ana gwada yadda T1 na tsoka ya canza bayan allura da yadda na jini ya canza, a gyara lissafin da kason jajayen ƙwayoyin jini da aka auna a ranar. Kason jajayen ƙwayoyin nasa 40 ne cikin 100. A lafiyayyar zuciya sararin nan bai cika wuce kashi 25 zuwa 28 ba. Nasa 56. Fiye da rabin bangon zuciyar mutumin nan ba tsoka ba ne. Cututtuka kaɗan ne ke kai wannan ma'auni sama da 40 a ko'ina cikin bango, kuma shi ne lambar da na fi yarda da ita, domin ana iya sake aunata bayan shekara a ga ko abin ya ƙaru.

Abin da hoton bai faɗa ba

A rahotona na rubuta cewa hoton ya yi daidai da amiloyid na zuciya mai yawa. Likitan da ya turo shi ya kira ni ya tambaya wane iri ne. Na ce ban sani ba, kuma ba zan rubuta ba. Gaskiya ne komai ya karkata ga ATTR: shekarunsa, wuyan hannu biyu, kaurin bangon, farin da ya ratsa har ɗakin dama. Ba shi da kumburin harshe ko taruwar jini a fatar ido irin na AL. Amma gadoliniyam girman sarari yake nunawa, bai san wane furotin ne ya cika shi ba, kuma siffofin iri biyun suna shiga juna. Kuskure a nan na da tsada ƙwarai. AL da ya riga ya gajiyar da zuciya, in ba a yi magani ba, yakan kashe cikin watanni, kuma maganinsa irin na kansar ɓargo ne. ATTR a hankali yake tafiya, maganinsa daban ne ɗungurum. A kira AL da sunan ATTR an kashe wa mutum lokacin da ba shi da shi. A kira ATTR da sunan AL an ɗora wa dattijo magani mai guba a banza.

A ranar muka ɗebi jini da fitsari don neman ƙananan sarƙoƙin da kuma furotin na ƙwayar ɓargo guda. Bayan kwana 3 aka yi masa hoton ƙashi da sinadari mai fitar da haske, wanda saboda wani dalili ke manne wa amiloyid na ATTR a zuciya. Zuciyarsa ta ɗauke shi fiye da haƙarƙarinsa, mataki na 3 a ma'aunin Perugini, mafi girma. Tun 2016 aka amince cewa mataki na 2 ko na 3 ya isa a tabbatar da ATTR ba tare da an yanki nama ba, da sharaɗi guda: jini da fitsari su fito babu wancan furotin na ɓargo.

Nasa bai fito haka ba. An sami ɗan furotin ɗin a jininsa.

Wannan ba abin mamaki ba ne a shekarunsa, domin kusan mutum 5 cikin 100 na waɗanda suka haura 70 suna ɗauke da shi ba tare da wata cuta ba. Sai dai kuma wasu masu AL ma zuciyarsu na ɗaukar sinadarin hoton ƙashi. An yi gardama a taron likitocinmu. Wasu na ganin hujjoji sun isa, kada a wahalar da tsoho. Ni da likitar jini muka tsaya a kan sai an ga nama, kuma har yanzu ina ganin daidai muka yi, ko da yake sakamakon bai canza zaton kowa ba.

Gwajin ɓargonsa bai nuna kansar ɓargo ba. Ba mu tsaya ga gwada kitsen ciki ba, domin a ATTR sau da yawa ba a samun komai a can. Aka zura siririn bututu ta jijiyar wuya, aka tsinko ƙananan gutsattsari daga katangar ɗakin dama. Da aka rina su da jan rinin Kwango aka duba a madubin likita da haske na musamman, suka yi kore shar, alamar amiloyid da aka sani tun da daɗewa. Na'urar da ke tantance furotin ta nauyinsa ta ce tiranstayiretin ne. Furotin ɗin ɓargo baƙo ne da ya zo daidai lokacin, za a riƙa sa masa ido kawai.

Saura tambaya guda: na tsufa ne ko na gado? Gwajin ƙwayar gado ya nuna sauyin da ake kira V122I. Wannan sauyi asalinsa Afirka ta Yamma ne, kuma kashi 3 zuwa 4 cikin 100 na baƙaƙen fatar Amurka na ɗauke da shi. Yakan bayyana ne bayan shekara 60, a zuciya, cikin mutanen da dama hawan jini ya yi musu yawa, abin da ke sa a yi ta ɗora wa hawan jini laifin kaurin. Da na koma tsofaffin takardunsa na tarar da wani hoton sauti na shekara 3 baya: bango milimita 14, an rubuta hawan jini, an rufe fayil. A lokacin an riga an yi masa aikin hannu biyun. Abin ya tsaya mini a rai, domin ni ma na sha sa hannu a kan irin wannan rahoto ba tare da na tambayi mutum ko an taɓa yi masa aiki a hannu ba.

Magani da abin da ya biyo baya

Gyaran farko janye magani ne. Zuciyar da ta sandare ba ta iya ƙara yawan jinin da take fitarwa a bugu ɗaya, da yawan bugu take ramawa. Maganin rage bugun zuciya da yake sha yana ƙwace mata wannan hanya, sai muka rage shi a hankali har muka tsayar. Muka rubuta a fayil ɗinsa cewa cikin magungunan zuciya a guji berafamil, a yi hattara da digoksin. Maganin sa fitsari kuwa sai da aka yi ta lallaɓawa, domin tazarar da ke tsakanin ruwa ya yi masa yawa da ya yi masa kaɗan ƙarama ce. 'Yarsa ta riƙa auna nauyinsa kowace safiya tana rubutawa.

Aka fara masa tafamidis. Tiranstayiretin guda huɗu ne a haɗe, kuma sai sun rabu suke naɗewa su zama amiloyid. Maganin na riƙe su kada su rabu. A gwajin da aka wallafa a 2018 a kan mutum 441 na tsawon wata 30, ya rage mace-mace da kwanciya asibiti, amma bambancin mace-macen bai fara fitowa ba sai wajen wata 18, kuma waɗanda aka kama da wuri su suka fi amfana. Na gaya masa wannan ba tare da na ɓoye komai ba.

"Wato ba zai wanke wanda ya riga ya taru ba ke nan, likita?"

"Ba zai wanke ba, Baba. Zai rage saurin taruwar sabo."

Ya yi shiru, sannan ya tambaya game da 'ya'yansa. Kowannensu yana da rabin yiwuwar ya gaji sauyin, amma ba duk wanda ya gada ne cutar ke kamawa ba. Muka haɗa su da mai ba da shawara kan cututtukan gado. Biyu daga cikin 'ya'yan nasa huɗu suka zaɓi a gwada su, biyu suka ce sai sun yi tunani.

A wata na 7 bugun zuciyarsa ya rikice, ɗakunan sama suka koma rawa. Nan take aka fara masa maganin hana daskarewar jini ba tare da jiran wani lissafin haɗari ba, domin ɗakunan da amiloyid ya cika suna tara gudan jini da sauƙi. Ya kwana 4 a asibiti.

Bayan wata 14 ya dawo muka sake hoton, a na'ura ɗaya, a hannun ma'aikaciya ɗaya. Wannan karon ba ta kira ni ba. Ta fara da jerin gwajin, ta ga tsoka ta riga jini, ta wuce kai tsaye zuwa PSIR. Bangon yana nan a 17. Sararin da ke tsakanin ƙwayoyi ya tashi daga 56 zuwa 57, bambancin da bai wuce kuskuren awo ba. Yanzu da matashi biyu yake kwana, bene kuma sai da hutu a tsakiya, amma kumburin ƙafar ya sauka. 'Yar da ke rako shi tana cikin biyun da aka gwada, kuma tana ɗauke da sauyin. Shekarunta 46, zuciyarta lafiya lau a hoton sauti da zanen wuta. An rubuta mata ranar dawowa, aka kuma ce in ta fara jin yatsunta na mutuwa da dare kada ta jira ranar.